Ruwan da kwal ya bari, ruwan da kuza ta bari

Ɗan yayata da ke karatu a Bochum, can ƙasar Jamus, ya turo mini wani bidiyo ranar wata Lahadi. Ya ɗaure wayarsa a kan keke ya bar ta tana ɗauka. Minti huɗu cur, ba komai a ciki sai hanya shimfiɗaɗɗiya, ruwa a hannun dama, da wani dogon jirgin dakon kaya da ke tafiya kamar an tilasta masa. Wata tsohuwa ta buga ƙararrawa ta wuce shi da kwando a kariyar kekenta. Daga nesa ana hango bututun hayaƙi da wasu manyan ƙarafa da tsatsa ta cinye. A ƙarshe aka ji muryarsa: "Kawu, kilomita 30 na yi yau, ko gumi ban yi ba."

Da na nuna a majalisarmu bayan la'asar, dariya aka fara yi. Wani ya ce yaron da aka sayar da fili aka tura Turai shi ne ya koma hawan keke. Wani kuma, mai sayar da kayan gini, ya ce in dai ruwa ne mu ma Allah ya hore mana, daga Rayfield har Barikin Ladi ga dam ɗin kuza nan birjik, wa ya hana mu? An wuce maganar an koma hirar ƙwallo, amma ni ta tsaya mini a rai, domin mutumin ya taɓo gaskiya ba tare da ya sani ba. Ruwan da ke cikin bidiyon da ruwan tsofaffin ramukan kuza da ke bayan garinmu Jos 'yan uba ne. Dukansu haƙa ce ta haife su, dukansu kamfanoni ne suka ci moriyarsu. Amma ɗaya ya zama wurin da tsohuwa ke shan iska, ɗayan kuma wurin da uwa ke rantse wa ɗanta kada ta sake jin ya je.

Abin da yaron ke bi a gefensa kogi ne da aka haƙa da gangan, irin wanda manoman Kadawa da Kura ke kira kanal, sai dai wannan na jirage ne. Sunansa Rhein-Herne, an buɗe shi a 1914, tsawonsa wajen kilomita 45, ya taso daga Duisburg ya ratsa tsakiyar yankin Ruhr, inda Jamus ta haƙi kwal ta narka ƙarfe fiye da shekara ɗari. Masu zuwa gidan kallo sun san yankin ko da ba su san sunansa ba, nan ne gidan Dortmund da Schalke. Shi kuwa kanal hanya ce kafin ya zama komai. Ruwa ba ya hawa tudu, don haka dole mai haƙa ya daidaita ƙasa, in ya tarar da hawa ya gina wani akwati mai ƙofofi biyu, jirgi ya shiga a rufe, a cika shi da ruwa har jirgin ya ɗago, sannan a buɗe gaba. Tsakanin akwati da akwati kuwa ƙasa a miƙe take kamar tabarma. Rashin gumin ɗan yayata ke nan, ba ƙarfin ƙafa ba ne.

Ita ma hanyar gefen ba don masu keke aka yi ta ba. A Ingila, inda harkar ta bunƙasa bayan an buɗe kanal ɗin Bridgewater a 1761 don kai kwal Manchester, doki ne ke jan jirgi da igiya yana tafiya a bakin ruwa. Doki ɗaya kan ja kayan da ya kai tan 30, abin da ko kusa ba zai iya ba a kan turba. Saboda dokin nan aka bar wata siririyar hanya daga farkon kanal har ƙarshensa, babu katanga, babu shago, babu wanda ya isa ya dasa harsashi a kai. A Ruhr jiragen inji ne suka yi jan, amma hukumar ruwa ta bar irin wannan hanya don ma'aikatanta masu duba gaɓa. Dokin ya tafi, kwal ya ƙare, hanyar ta rage. Mai keke gado ya tarar.

Kuza ba ta bar mana irin wannan gado ba, kuma dalilin yana cikin nauyinta. Kwal kaya ne mai yawa mai arha. A shekarun 1950 Ruhr na fitar da sama da tan miliyan 100 a shekara, kuma ɗaukarsa zuwa nesa asara ce, shi ya sa masana'antun ƙarfe suka taso suka zauna a bakin ramin, garuruwa suka haɗe da juna, aka ɗinke su da kanal da layin dogo. Kuza kuwa kaɗan ce mai tsada. Ko a 1943, shekarar da aka fi haƙo ta a Filato, bayan Japan ta ƙwace Malaya kuma Turawa suka yi ta kwaso mutane daga lardunan Arewa da ƙarfin tsiya a abin da kakanninmu ke kira diban gwamna, abin da aka samu bai kai tan 20,000 ba. Jirgi irin na cikin bidiyon kan ɗauki sama da tan 1,000. Wato amfanin shekarar da ta fi kowace albarka ba zai cika irinsa 20 ba. Kayan da bai fi haka ba ba ya bukatar kogi. Da farko a ka 'yan dako suka riƙa kai shi Loko a bakin Binuwai, daga 1914 ƙaramin jirgin ƙasa na Zariya ya karɓa, a 1927 babban layi ya iso ta Kafanchan. Narkawa ma a Ingila ake yi, sai a farkon shekarun 1960 aka kafa matoya a Makeri, alhali mutanen Liruwai suna narka kuza tun Bature bai san hanyar tudun nan ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da ya rage a nan shi ne rami. Ana kware ƙasar sama, a kai ga tsakuwar da kuza ke ciki, a wanke ta da ruwa, a tula yashin a gefe, in wurin ya ƙare a ja injin a matsa gaba. Damina ta zo ta cika ramin. Haka ɗaruruwan kududdufai suka warwatsu daga Jos zuwa Bukuru, Sabon Gidan Kanar, Bisichi, Dorowa, kowanne zaman kansa yake yi, babu abin da ya haɗa shi da na kusa da shi sai tulin jar ƙasa da zaizaya. Kanal layi ne, yana kai mutum wani wuri. Kududdufi ko ka zagaya shi sau goma inda ka taso za ka dawo.

Asabar ɗin da ta biyo baya na karɓi aron keken maƙwabcina, irin na Sin ɗin nan mai giya, na nufi wajen Rayfield da sassafe don in gani da idona. Sanyin Jos na watan Disamba ya sa yatsuna suka ƙage a kan birki. Hawan farko kawai na yi na sauka na tura, domin gari ne da ke sama da mita 1,200 kuma bai san shimfiɗa ba. Da na bar kwalta na shiga turbar da ke bi ta tsakanin tsofaffin ramuka, sai na ga abin da bidiyo ba zai nuna ba. Ruwan kore shar, lumui, ko motsi ba ya yi, itatuwan turare sun yi masa rumfa, kyakkyawa ƙwarai. Amma gaɓarsa a tsaye take kamar bangon rijiya. Babu inda mutum zai sa ƙafa ruwa ya kai masa idon sawu, sannan gwiwa, sannan ƙugu. Taku ɗaya ne tsakanin tudu da zurfin da ya fi gidan sama, ƙasan kuma laka ce mai riƙe ƙafa. Duk unguwar da ke kusa da dam tana da labarin yaron da ya je wanka aka kwana ana nema.

A gefen wani kududdufi kusa da Mai Adiko na tarar da wani dattijo yana gyara tiyon injin ban ruwa, kabeji da latas da karas sun yi layi har gindin tulin yashi. Na gaishe shi, na ce, "Baba, da gwamnati za ta cike ramukan nan ai da an huta." Ya ɗago ya dube ni, ya dubi keken, ya ce, "Ɗana, in an cike, da me zan ba kabejin ruwa?" Mahaifinsa leburan kuza ne, a barikin aka haife shi, kuma da kamfani ya watse wannan ruwan ne ya riƙe gidansu. Na yi shiru, domin na zo da tunanin ɗan birni. Kayan lambun da ake lodawa a Farin Gada zuwa Abuja da kudu, wani kaso nasa daga irin wannan ruwa yake sha duk rani. Duk wanda zai yi maganar gyara kududdufan Jos bai fara da masu lambu ba, to ya fara da kuskure.

Siffar ƙasa dai ba ita kaɗai ba ce, kuma a ganina ba ita ce babba ba. Babbar ita ce wa ke da bashin. A gefen kanal ɗin Rhein-Herne akwai wani kogi da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da shi, Emscher, wanda kusan ƙarni guda ya yi yana zaman kwatar yankin baki ɗaya: bahaya, ruwan wanki, dagwalon masana'antu, duk a buɗe cikin lambatun siminti, ana jin warinsa daga nesa. Ba ƙazanta ce ta sa suka bar shi haka ba. Haƙar kwal ta rarake ƙarƙashin ƙasa, ƙasa tana ta zaftarewa, a wasu wuraren ta nutse fiye da mita 20, duk bututun da aka binne sai ya karye. Sai da yawancin ramuka suka rufe ƙasa ta natsu, sannan a 1992 aka fara aikin gyaran kogin, wanda ya haɗa da binne babban bututu mai tsawon kilomita 51, aka gama raba kogin da ƙazanta a ƙarshen 2021. Shekara 30, kuɗi kimanin Yuro biliyan 5.5. Abin lura shi ne wanda ya yi aikin: wata ƙungiya ce da aka kafa tun 1899, wadda doka ta tilasta wa garuruwa da kamfanonin haƙa da masana'antu zama mambobinta, kowa yana biya gwargwadon abin da yake zubarwa. Mai ɓata ruwa da mai shan wari a tebur ɗaya suke, asusu ɗaya.

Akwai ma wanda ya fi wannan ban mamaki. Saboda nutsewar ƙasar, wani babban yanki na Ruhr ya koma ƙasa da kogunansa, in aka kashe injinan zuƙe ruwa unguwanni za su zama tafki. Jamusawa suna kiran wannan aikin har abada, kuma da gaske suke. Tun a 2007, shekara 11 kafin a rufe ramin kwal na ƙarshe a Bottrop a Disambar 2018, aka kafa wata gidauniya aka damƙa mata hannun jarin ɓangaren kamfanin kwal da ke kawo riba, don ribar ta riƙa biyan kuɗin famfo, sama da Yuro miliyan 200 duk shekara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tsohuwar da ta wuce ɗan yayata da ƙararrawa, a kan ƙasar da ake zuƙe wa ruwa dare da rana take tuƙi, ko ta tuna ko ba ta tuna ba.

Mu ma an yi doka, kada a ce ba a yi ba. Dokar ma'adinai ta 1946 ta ɗora wa kamfanoni gyara inda suka haƙa, kuma itatuwan turaren da suka yi mini inuwa ragowar yunƙurin farfaɗo da ƙasar ne. Sai dai ta zo bayan an shafe shekara 40 ana haƙa, kuma abin da aka gyara bai taka kara ya karya ba. Dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta sa masu jarin waje suka fara naɗe tabarmarsu, kuza mai sauƙin haƙa ta ja baya, sannan a Oktoban 1985 kasuwar kuza ta duniya ta rushe a Landan. Wanda ya haƙa ramin ya tafi, bai bar asusu ba. Yau in ka tambayi na wane ne kududdufi, amsa uku za ka samu. Abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne bisa tsarin mulki. Ƙasar kanta tana hannun gwamna bisa dokar filaye ta 1978. Iyalan da aka karɓe gonakin kakanninsu aka ba kamfani kuwa ba su taɓa yarda cewa sun rabu da ita ba, kuma da wuya ka ce ba su da hujja. Kowa na da iko, babu mai alhaki. A kan haka kuma ga masu loto, wato masu haƙar kuza da hannu, sun dawo suna fafe sabbin ramuka kamar rijiyoyi a gefen tsofaffin, saboda kuza ta sake daraja. Ga yashin da aka wanke, wanda masana suka daɗe suna gargaɗin cewa wani nasa na ɗauke da sinadarai masu fitar da tururi mai cutarwa, ana lodawa a tifa ana yin bulo da shi.

Kada kuma mu yi wa rogo kallon kitse. Ruhr ba aljanna ta zama ba. A tsakiyar shekarun 1950 kusan mutum rabin miliyan ne ke aikin kwal a can, yau babu ko ɗaya a rami. An mayar da mahaƙar kwal ta Zollverein da ke Essen gidan tarihi, UNESCO ta sa ta a jerin wuraren tarihi na duniya a 2001, an mayar da tsohon layin dogon da ke kai tama daga kanal zuwa Bochum hanyar keke, wadda ita ɗan yayata ke bi ya isa bakin ruwa. Amma Gelsenkirchen, garin Schalke, har yanzu yana cikin garuruwan da suka fi talauci da rashin aiki a Jamus. Hanyar keke ba ta mayar wa kowa albashinsa ba. Abin da ta yi shi ne ta ba wanda ba shi da mota wurin fita da iyalinsa kyauta, ta kuma rage wa wurin kamannin kufai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma masu zuwa taron zuba jari su ce yawon buɗe ido zai maye gurbin kuza su rage buri.

Akwai kuma abin da ba a son faɗa a taro. Yawon kilomita 30 yana nufin ratsa unguwannin da ba naka ba, a hankali, fuska a buɗe, ba gilashi ba ƙofa. Tun rikicin Satumban 2001, da na 2008 da na 2010, Jos ta rabu, kowa ya haddace taswirar da ba a zana ba: inda zai tsaya sayen ruwa, inda zai wuce ba waiwaye, inda ba zai bi ba in rana ta yi sanyi. Musulmi na da tasa, Kirista na da tasa. Su kansu kududdufan sun shiga cikin wannan tsoro, musamman tun 2018 da aka zaro motar Manjo Janar Idris Alkali, wanda ya ɓace, daga wani kududdufi a Dura-Du. Ni kaina ran nan akwai mararrabar da na tsaya na yi shawara da zuciyata, na juya kan keke. Babu wanda ya ce mini uffan, wata mata ma da ke ɗauke da itace sannu ta yi mini. Taswirar ce ta juyo da ni.

Sai raini. Kakanninmu sun ɗauki keken Rali dukiya, ango kan yi mata ado da tuntaye ya je gaida surukai. Yanzu in ka ce keke, mai ƙafa uku ake zaton kana nufi, mai ƙafa biyu kuwa sai yaro ko wanda abin hannunsa ya ƙare. Da ministan sufuri Ojo Maduekwe ya ce a koma hawan keke, ya hau nasa zuwa ofis a Abuja a 2001, mota ta tura shi lambatu, ƙasa ta yi ta dariya. An yi wa mutumin dariya, ba a tambayi me ya sa babu inda mai keke zai bi ba sai tsakanin tayoyin bas.

In akwai wani abu a Jos da ya yi kama da kanal, to ba dam ba ne, Dilimi ce. A bakinta aka fara wankin kuza, ta ratsa tsakiyar gari, ta bi ta gefen Gangare da Unguwar Rogo ta nufi Naraguta, kuma yau aikin da Emscher ta yi a da shi take yi mana: leda, ruwan kwata, jinin mahauta, bola. Layi ce, tana da gaɓa biyu, kuma ruwa ya riga ya daidaita mata gangara. A Yulin 2012, da ruwa ya yi ambaliya bayan dam ɗin Lamingo ya cika ya tumbatsa, mutane sama da 30 suka rasu a Rikkos da maƙwabtanta, galibi waɗanda gidajensu ke bakin rafi. Filin da ya kamata a bari saboda ambaliya, shi ne dai filin dokin Ingila. In aka bar shi don ceton rai, hanyar ɗan makaranta da mai tura baro da mai kai alayyafo kasuwa ta samu a ɓagas, mai shan iska ya biyo baya. Wahalar ita ce akwai gidaje a wurin, na talakawa ne, kuma wanda aka taɓa rushe wa gida aka ce ya jira diyya ya san abin da jiran ke nufi. Ni ba zan goyi bayan a taɓa bulo ɗaya ba sai kuɗin mai shi ya shiga hannunsa.

A hanyar dawowa ƙaya ta huda mini tayar baya, na tura keken har bakin titi. Mai facin, wani saurayi da ke ƙarƙashin bishiyar mangwaro, ya zare tib ɗin ya tsoma a cikin rabin jarka yana neman inda ke kumfa. Ruwan jarkar kore ne. Na tambaye shi inda ya ɗebo, ya nuna bayansa da haɓa, wajen dam. Na ɗauki hotonsa da izininsa na tura Bochum. Kafin ya gama shafa gam amsa ta shigo: "Kawu, wannan ruwan ai ya fi namu kyau. Ana shiga?"